Sabar da Ke Bin Sawu Ba Ta Tambayar Dalili

Lokacin da aka damƙa mini rumbun bayanan wani ƙaramin kamfani a Kano, ji nake babu wanda ya kai ni wayo. Na kafa sabar biyu, wato kwamfutocin da ke riƙe bayanai, a kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, ɗaya uwa, ɗaya mai bin sawu. Duk abin da aka rubuta a uwar, kafin ƙiftawar ido ya sauka a ɗayar. Na ce wa maigida ya kwantar da hankalinsa, ko uwar ta mutu muna da madadi. Tun daga nan na daina leƙa ajiyar kwafin bayanai da ake ɗauka kowane dare.

Wata Laraba bayan la'asar ina so in share bayanan gwaji, sai na rubuta DELETE, umarnin gogewa, na manta da WHERE, sharaɗin da ke iyakance abin da za a goge. Cinikin wata uku ya tafi. Na garzaya wurin mai bin sawu, gabana na dukan uku-uku, na tarar ita ma wayam. Ba laifinta ba ne, ƙannena. An ce mata ta kwaikwayi uwa, ta kwaikwaya har da ɓarnar. Da na juya ga ajiyar dare kuwa, ashe mako biyu ke nan faifan ya cika, ba abin da ake ajiyewa. Kwana huɗu muka yi muna tsintar bayanai daga rasit da saƙonnin banki.

Kwafin da ke tafiya tare da uwa maganin mutuwar na'ura ne, ba ya maganin hannunka. Ku riƙe ajiya daban, a wani wuri daban, kuma duk wata ku maido da ita a wata sabar ku gani da idonku tana buɗewa. Tun sigar 9.4 PostgreSQL ke ba da damar a sa mai bin sawu ta riƙa jinkiri da gangan. Da tawa tana bayan uwa da awa guda, da na tsayar da ita kafin gogewar ta iso. Kuma kada ku ɗauka ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke samu: a Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab yana gyaran kwafi ya goge bayanan uwar sabar, suka rasa aikin kusan awa shida.

Wata wautar tawa, sabar biyun ɗaki ɗaya suke, janareta ɗaya, inbata ɗaya. Ranar da inbatar ta ƙone tare suka yi shiru.

Da muka raba musu gari sai wata matsalar ta ɓullo. Idan layin da ke tsakaninsu ya yanke, kowacce na iya ɗauka 'yar'uwarta ta mutu ta naɗa kanta uwa, a wayi gari da lissafi biyu masu karo da juna. Shi ya sa ake sa na'urori uku masu zaɓen uwa, don biyu su rinjayi ɗaya. Yanzu Patroni, manhajar da ke naɗa sabuwar uwa idan ta farko ta mutu, muke amfani da ita, kuma duk bayan wata uku nakan kashe uwar da kaina, ranar Asabar da safe, in riƙe agogo in ga daƙiƙa nawa za a ɗauka kafin wata ta karɓi ragama.