Ƙaro da takardun Mark Hofmann

Asabar, bayan isha'i.

Ƙafata ba ta wuce gidan Kawu a cikin birni ba yau, amma hankalina ya wuni a Salt Lake City ta jihar Utah a Amurka. Ina shirya wa 'yan ajin ƙarshe darasi a kan yadda mai tarihi ke tantance madogara, sai na ɗauko labarin Mark Hofmann, wani mai ƙirƙirar takardun jabu kan tarihin cocin Mormon, a matsayin misali. Tun bayan asuba nake kansa, shayina har ya huce ban sani ba.

Cocin Mormon ya tsayu ne a kan labarin Joseph Smith, wanda ya ce mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa faifan zinariya a binne a wani tudu kusa da Palmyra a jihar New York, ya fassara abin da ke jiki, aka buga shi littafi a 1830. Faifan ba su nan, Smith ya ce ya mayar wa mala'ikan. Saboda haka duk wata 'yar takarda da ta fito daga waɗancan shekaru tana da daraja wajen mabiya, tana kuma da kuɗi. Hofmann ɗan gida ne, a cikin cocin aka haife shi a 1954, har wa'azi ya je Ingila da sunansa. Imanin ya daɗe da fita daga zuciyarsa, amma bai faɗa wa kowa ba.

A 1980, yana ɗalibin jami'a, ya fito da wata takarda ya ce ya tsince ta manne a cikin wani tsohon Baibul. Wai ita ce wadda Martin Harris, ɗaya daga mabiyan Smith na farko, ya kai wa Farfesa Charles Anthon a New York a 1828, mai ɗauke da haruffan da aka kwafo daga faifan. Akwai hoton da na daɗe ina kallo da safen nan: shugaban cocin na lokacin, Spencer Kimball, tsoho tukuf, ya sunkuya da gilashin ƙara girma yana duba takardar, manyan mataimakansa sun kewaye shi, Hofmann na tsaye a gefe. Sun ba shi kayan tarihi da darajarsu ta haura dala 20,000. Tausayin tsohon na ji, domin abin da yake girmamawa ne ake wasa da shi a gaban idonsa.

Daga nan yaron ya gane cewa takardar da ke faranta rai tana da kasuwa, amma wadda ke tsoratarwa ta fi ta. A 1981 ya kawo wadda ke cewa Smith ɗansa ya naɗa magaji, alhali cocin Utah gaba ɗaya ya ginu ne a kan jagorancin Brigham Young, wanda ya ja ragamarsa bayan mutuwar Smith. A 1983 ya sayar wa Gordon Hinckley, na ofishin shugabancin cocin, wata wasiƙa a kan dala 15,000, wadda ke nuna Smith yana koyar da dabarar neman dukiyar da ke binne da sanda. Aka sa ta a ma'ajiya aka yi shiru. Shi kuma Hofmann ya zagaya ta baya ya tsegunta labarinta, har cocin ya zo yana amsa tambayar me ya sa aka ɓoye. Ya ci kuɗinsu, ya kuma kunyata su da takardar da shi ya rubuta da hannunsa.

Wadda ta fi shahara ita ce wasiƙar salamanda. An sa mata ranar 23 ga Oktoba 1830, wai daga Martin Harris zuwa W. W. Phelps. A cikinta, abin da Smith ya tarar a ramin faifan wata farar halitta ce mai kama da ƙadangare, wato salamanda, wadda ta rikiɗe ta zama ruhi ta buge shi sau 3. Babu maganar mala'ika. Wani ɗan kasuwa, Steven Christensen, ya saye ta dala 40,000 a 1984, ya sa masana suka duba, daga baya ya ba cocin kyauta. Da aka bayyana ta a 1985, Hinckley ya ce ba wanda zai iya tabbatar da cewa Harris ne ya rubuta, amma sun karɓi hukuncin mai binciken cewa ba a ga alamar jabu ba. Wani daga manyan cocin, Dallin Oaks, har ya yi jawabi yana bayanin cewa a tunanin mutanen da, salamanda halitta ce mai zama cikin wuta, don haka ana iya fahimtar kalmar a matsayin siffanta mala'ika. Mutum mai ilimi, tsohon alƙali, ya zauna yana nema wa ƙarya fassara.

Dalilin da ya sa ta shiga shi ne tana da tushe. Gaskiya ne Smith yana saurayi ya yi aikin duba dutse don neman dukiya a ƙasa, har an gurfanar da shi gaban alƙali a 1826 a kan haka. Hofmann ya san inda ciwon yake, can ya danna.

Da azahar na tafi gaida Kawu. Na same shi a zaure yana dama tawada, ga ƙaro ya jiƙa a ƙaramin ƙoƙo. Na ce, “Kawu, ka san wannan ƙaron shi ya kama wani babban maƙaryaci a Amurka?” Ya ɗago ya ce, “To, ɗan boko, zauna ka ba ni.”

Na ba shi yadda na fahimta. Hofmann yakan yanko fararen shafuka daga tsofaffin littattafai, don haka takardar kanta tsohuwa ce ta gaske. Tawadar kuma yakan haɗa ta bisa tsohon tsari, da sinadarin ƙarfe da ƙaro, sannan ya bi ta da wani sinadari don ta yi ja-ja irin na tsufa. Ya ƙware wajen kwaikwayon hannun mutane, ya san tambarin gidan waya na kowane zamani. Masu bincike 2, George Throckmorton da William Flynn, suka sa takardunsa ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai suka ga tawadar ta tsattsage kamar fatar kada. Takardun gaske na wancan zamanin ba su yin haka. Suka yi ta gwaji har suka gano cewa ƙaron ne ke tsagewa in sinadarin tsufarwa ya taɓa shi. Daga nan ko an cakuɗa musu takardu, suna iya ware nasa.

Kawu ya yi murmushi ya ce shi wannan bai ba shi mamaki ba, mai tawada ya san halin ƙaro. Amma ya ce malamanmu na da ba su jira madubi ba. Ya kawo mini labarin Khaɗib al-Bagdadi, lokacin da aka zo wa wazirin Bagadaza da takarda wai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yafe wa mutanen Khaibara jiziya. Khaɗib ya duba shaidu ya ce jabu ce: ga sunan Mu'awiya, wanda bai musulunta ba sai shekarar buɗe Makka, bayan Khaibara, ga na Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu tun bayan yaƙin Khandaƙ, kafin Khaibara. “Ɗana,” in ji Kawu, “kafin ka duba tawada, karanta maganar.”

Nan na ba shi labarin mutumin da ya fi tsaya mini a rai a cikin wannan al'amari duka, Jerald Tanner. Shi da matarsa Sandra sun fita daga cocin, sun shafe rayuwarsu suna buga takardun da ke sukar tarihinsa. Ba wanda wasiƙar salamanda za ta yi wa amfani kamarsa, makami ne aka miƙo masa a hannu. Amma tun a 1984, lokacin da masana ke cewa ta inganta, ya rubuta cewa yana shakka. Ya lura lafuzzanta sun yi kama da na wani littafin suka da E. D. Howe ya buga a 1834, inda wani maƙwabcin su Smith ya ba da labarin abu mai kama da kwaɗo da ya rikiɗe ya zama mutum ya yi duka. Wasiƙar da aka ce ta 1830 tana aron maganar 1834. Ko matarsa ba ta bi ra'ayinsa ba da farko. Ina ganin girman mutumin nan ƙwarai. Ƙin yarda da hujjar abokin hamayya kowa ya iya. Shi hujjar da ke goyon bayansa ya tuhuma, a bainar jama'a, alhali masu karanta shi suna murna da ita.

Ƙarshen labarin ne ya sa Kawu ya ajiye muciyarsa. Bashi ya yi wa Hofmann katutu. Ya karɓi kuɗin mutane a kan tarin takardun William McLellin, wani daga manyan cocin na farko da ya ɓalle, alhali ba shi da su. Ya sa rai ga dala miliyan 1 da rabi da ya nema a kan wata jabun takardar rantsuwa ta zamanin Turawan farko a Amurka, cinikin bai faɗa ba. Ranar 15 ga Oktoba 1985 bam ya kashe Steven Christensen a ƙofar ofishinsa. A safiyar nan wani bam ɗin ya kashe Kathy Sheets a ƙofar gidanta, ta ɗauki ƙunshin da aka rubuta wa sunan mijinta, tsohon abokin kasuwancin Christensen. Washegari bam na 3 ya tashi da Hofmann a cikin motarsa, bai mutu ba. A Janairun 1987 ya amsa cewa shi ya dasa bama-baman, aka tura shi kurkuku. Kawu ya yi salati, ya ce, “Ita kuma baiwar Allah me ta yi masa?” Ba ta yi masa komai ba. An sa bam ɗin gidansu ne don hankalin 'yan sanda ya karkata ga rikicin kasuwanci.

Bayan magariba abokin aikina mai koyar da Arabiyya ya leƙo, na ba shi labarin a taƙaice. Ya ce shi bai ga abin damuwa ba, ƙarya ce ta ci ƙarya. Ban yarda ba, mun ɗan ja. Ni ma ban gaskata labarin faifan zinariya ba, amma mai shakka a kan tarihin Mormon ba ya bukatar jabu, ga hujjoji na gaske. Guntayen rubutun Masar da Smith ya mallaka, waɗanda ya ce daga irinsu ya fassaro littafin Annabi Ibrahim, sun ɓullo a wani gidan tarihi na New York, aka mayar wa cocin a 1967, masana harshen Masar suka karanta suka ce addu'o'in binne mamaci ne. Faifan Kinderhook na 1843, waɗanda wasu mazauna Illinois suka ƙera don su gwada Smith, gwajin 1980 ya tabbatar aikin ƙarni na 19 ne. Cocin da kansa a 2015 ya fitar da hoton dutsen duban Smith. Abin da Hofmann ya yi shi ne ya gurɓata wannan ruwan: ya ba mai kare cocin damar cewa ai zancen sihirin nan duk daga jabu ya fito, ya bar masu tarihi da aikin tsince takardunsa daga cikin littattafan da suka riga suka ambace su.

Na kuma tuna masa da wasiyyar Shehu Ahmad mai gadin kabarin Annabi, wadda Gwaggo ta sake turo mana a WhatsApp cikin makon nan, mai cewa wanda bai yaɗa ta ba zai ga musiba. Malamai sun daɗe da ƙaryata ta, Shaikh Bin Baz ya yi rubutu a kanta, amma ga ta nan tana yawo. Ya ce wannan dabam. Na ce ban ga bambancin ba, aka kira isha'i muka tashi ba mu daidaita ba.

Ranar Litinin zan fara ba yaran wasiƙar salamanda da shafin littafin Howe a jere, ba tare da na faɗa musu komai ba, in ga ko akwai wanda zai lura da shekarun. Gobe da safe kuma zan je gidan Gwaggo da kaina, domin maganar wasiyyar nan ba ta waya ba ce.