Darussa daga auna fodkas ɗin abokin karatu kan Edgar Allan Poe

Idan malami ya ba ka fodkas (shirin murya da ake naɗa a watsa ta intanet) ɗin abokin karatunka ka auna, sauraro ɗaya ba ya isa. Na farko ka ji shi da lasifikar waya, domin a Yamai haka mafi yawan mutane za su ji shi bayan an tura musu ta WhatsApp. Na biyu ka sa abin kunne, biro a hannu, kana rubuta minti da daƙiƙar duk inda aka samu matsala. "Sautin bai yi ba" ba ya gyara komai. "A minti 3 da daƙiƙa 20 kiɗa ya danne muryarka" shi ne abin da mutum zai koma Audacity, manhajar tace sauti, ya gyara.

Matsalolin sauti kusan iri ɗaya ne kullum. Zafi ya hana a kashe fanka, sai gurnaninta ya bi shirin daga farko har ƙarshe. Ɗaki mai siminti tsirara yana mayar da amsa-kuwwa, katifa da labule suna shanye ta. Baki ya tsaya kamar tsawon tafin hannu ɗaya daga makirufo, in ya matso, numfashi ya riƙa bugawa. Fayil kuma a fitar da shi MP3 a ma'aunin ingancin sauti na 64 kbps, minti 10 bai kai megabait 5 ba.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne tantance gaskiyar bayani. An haifi Poe, marubucin da ya yi suna da labaran ban tsoro, a Boston ta Amurka a 1809, ya rasu a Baltimore a 1849 yana da shekara 40. Ɗalibai da yawa suna faɗin cewa giya ce ta kashe shi kamar sun gani da ido, alhali masana ba su daidaita kan sanadin mutuwarsa ba har yau. Yawancin baƙin jinin da ke binsa ya samo asali daga Rufus Griswold, abokin hamayyarsa da ya rubuta tarihinsa bayan ya mutu. Mai aunawa ya tambaya: daga ina ka samo wannan? Haka kuma mahaukacin da ke ba da labari a cikin ƙagaggen rubutu ba shi ne marubucin ba, sau da yawa ana haɗe su. Wanda ya karanta Poe da Faransanci kuwa, galibi fassarar Baudelaire, marubucin waƙoƙi Bafaranshe, ce a hannunsa, wadda kundinta na farko ya fito a 1856. Ya kamata ya faɗa wa masu sauraro haka kafin ya karanto wani yanki.

Kiɗan ban tsoro shi ne abin da aka fi cikawa. A ganina kakanninmu sun fi mu sanin wannan: in Dodo zai shigo tatsuniya, murya ake sassautawa, a ɗan yi shiru. Kiɗa ya zauna can ƙasa da murya, a ɗauke shi gaba ɗaya a wurin da labarin ya fi tsanani.

Wajen miƙa sakamako, ka fara da abin da ya yi kyau, ka nuna mintinsa, sannan gyara biyu ko uku mafi muhimmanci. Sauran ka rubuta masa a takarda ya duba in ya natsu.