Yau mun yanka ciyawar Timoti

Talata, watan Yuli, Alberta, Kanada

Sai da hantsi ya dubi ludayi, raɓa ta ɗauke, sannan mai gonar ya ce a tayar da injin yanka. Tun shekaranjiya yake ta bin hasashen yanayi, don ruwa in ya daki ciyawa tana shanye, korenta ya tafi, masu saye daga Japan kuwa launi suke fara dubawa.

Kafin a fara na shiga cikinta, ta kawo mini ƙugu. Zangarniyarta siririya ce kamar wutsiyar kyanwa, ta fito amma fure bai buɗe ba. Lokacin ke nan. In aka ƙara mako biyu za a samu dami mai yawa, sai dai karan ya yi tauri, amfaninsa ga dabba ya ragu. Ni dai ina bayan mai yanka da wuri, ko da damin zai yi kaɗan. Doki ne zai ci wannan ingirici tsawon hunturu, da zomayen da haƙoransu ba sa daina tsiro, sai tauna irin wannan ciyawa mai kaushi ke rage tsawonsu. Sinadarin kalsiyam ɗinta bai kai na alfalfa (wata ciyawar dabbobi) ba, shi ya sa ake ba manyan zomaye ita.

Mai gonar ya tono gindi ɗaya ya nuna mini ɗan kumburin da take ajiye abincinta a ciki. Saboda shi ne ba a aske ta har ƙasa, ana barin kamar santimita 10. Saiwarta ba ta nisa, fari da zafi na saurin kassara ta.

Wajen cin abincin rana wani abokin aiki ya ce ai sunan Timoti mutumin garin Listira ta ci, almajirin Manzo Bulus na cikin Littafi Mai Tsarki. Sunan ɗaya ne, amma na wani manomin Amurka ne, Timothy Hanson, wanda ya yaɗa irinta wajen 1720. Asalinta kuma daga Turai ne.

Da la'asar idanuna sun yi ja, ina ta atishawa. Jibi in Allah ya kai mu za a juya ta, kuma ba za a ɗaure ba sai damshinta ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100, don dami mai laima yakan yi fumfuna, har ya kama wuta da kansa.