Ƙafar da ta shanye ce ta fi harbi

Talata, bayan Isha

Yau ranar gashin Baba ce, wato motsa gaɓoɓin da ake masa tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma ni aka bar wa kai shi tunda Yaya yana Zariya. Mun fita da sassafe a Adaidaita Sahu, ina gefensa na dama ina tallafe da hannun da ba ya motsi. Tun farko an gargaɗe mu kada a kuskura a ja shi ta wannan hannun, naman kafaɗar ya saki, tana iya gocewa.

Mai gashin ta zaunar da shi a bakin gado, ƙafafu na reto, ta ɗauko 'yar gudumar roba ta ƙwanƙwasa ƙasan gwiwar hagu. Ƙafa ta ɗan motsa. Da ta koma ta dama, wadda ta shanye, sai ƙafar ta yi harbi har silifas ya yi tsalle ƙarƙashin kujera. Baba ya bi ƙafar da kallo, ya dube ni, ya sake duban ƙafar.

Ni malamar bayoloji ce, na sha zana wannan a allo, amma gani ya kori ji. Wannan harbin ba ruwansa da ƙwaƙwalwa. Saƙo yana tashi daga naman cinya, ya bi jijiya ya shiga lakar da ke cikin ƙashin baya, nan take lakar ta mayar da umarni ga naman, ƙwaƙwalwa sai daga baya take jin labari. A mai lafiya, ƙwaƙwalwa tana riƙe da lakar kamar mahayi da linzami. A wurin Baba hanyar da ke saukowa daga sama ce ta lalace, shi ya sa ƙasa ke zabura fiye da ƙima. Jijiyoyin ƙafar kansu lafiyarsu ƙalau, daga cikin tagwaye 31 ɗin nan da ke fitowa daga laka suke, waɗanda nake sa yara su haddace saboda NECO.

Ta ce, "Baba, a ɗaga mana gira." Duka biyun suka ɗagu, goshi ya tattare daidai. "To, a nuna mana haƙora." Nan bakin ya karkace. Goshi yana karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, ƙasan fuska kuwa daga ɓangare guda, na ɗaya gefen. Da wannan kaɗai likita ke iya zargin cewa matsalar a cikin kai take.

A hoton ƙwaƙwalwar da aka ɗauka tabon yana hagu, shanyewar kuma tana dama, abin da har yau Umma ta kasa yarda da shi, tana ganin ko an juya hoton ne. Yawancin hanyoyin motsi suna giciye a ƙasan ƙwaƙwalwa, dab da inda ta haɗu da laka, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Kuma a yawancin mutane magana a hagun take. Tun 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya buɗe kan wani majinyaci bayan mutuwarsa, mutumin da yake gane magana amma bakinsa bai iya fitar da komai sai "tan", ya tarar da rauni a gaban ɓangaren hagu. Kusan haka Baba yake. Yana jin duk abin da ake cewa, har ya harare ni idan na yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. Amma ya ce "ruwa" sai ya yi gumi. Abin da ya fi ɗaure min kai, idan aka ja masa Fatiha yana bi tiryan-tiryan har ƙarshe. Mai gashin ta ce sun saba ganin haka, abin da baki ya daɗe da haddacewa yakan tsira ko da sabuwar magana ta gagara.

Da la'asar Gwaggo ta zo da kwalbar man zaitun da habbatussauda, da labarin wani mai ruƙiyya a unguwarsu. Ta ce mutum ya fita alwala da asuba lafiya lau ya faɗi a tsakar gida, ai wannan shafar iska ce. Na ce, "Gwaggo, hawan jini ne. Jini ne ya daskare ya toshe hanya a kai." Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin jiki, ba ta kuma da ajiya. Jini ya yanke na 'yan mintuna, ƙwayoyin wurin sun fara mutuwa. Gwaggo ta taɓe baki ta ce boko ya yi min yawa.

Ban ja da ita ba. Addu'a dai kullum muna yi, shafa mai kuma ba ya cutarwa, yana ma hana fata bushewa. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a tsaya a nan, a yi ta mulke hannu alhali ciwon yana cikin kai. Ƙwayoyin da suka mutu sun mutu, amma na kusa da su suna iya koyon aikin, kuma maimaitawa ce ke koya musu, musamman a watannin farko. Don haka muka yi ciniki: ta shafa mansa, ni kuma in ajiye masa kofin roba ya yi ta ƙoƙarin kamawa. Babban yatsa ya ɗan lanƙwasa. Gwaggo ta ce aikin mai ne.

Maganin hawan jinin ya kusa ƙarewa, sai na kira Yaya da safe kafin in shiga aji. An kuma ce mu nemo ƙwallon roba mai laushi kafin Juma'a.