EOD nake so, fensir na saya

Shekara shida ina zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina a motar haya, mu biyu a gaba kusa da direba, huɗu a baya. Ranar da na kwashi adashina na haɗa da kuɗin babur ɗin da na sayar, sai na ce wahala ta ƙare. Mota ɗaya ce a raina tun fil'azal: Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda dillalai ke kira EOD. Baƙa, mai kujerun fata. Har mafarkinta na yi.

Kuɗin ne dai bai san da mafarkin ba. Tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, tuni ta fi ƙarfina, don haka sai wadda aka yi amfani da ita a nan gida. Motoci uku dillali ya nuna mini a Katsina, kuma Allah ya taimake ni ban je ni kaɗai ba. Na tafi da wani dattijon bakanike, abokin mahaifina da nake kira Baba, wanda ya fara sana'a tun zamanin da 504 ɗin Kaduna ke mulkin titi.

Sharaɗinsa na farko, da sassafe za mu je, kafin kowa ya tayar da motar. Da muka isa wurin EOD ɗin sai ya ɗora tafin hannu a kan bonet. Da ɗumi. Ya dubi dillali ya ce, "Wa ya riga mu?" Dillali ya ce wanke ta kawai aka yi. Baba bai tanka ba. Ya buɗe, ya ga injin mai silinda shida ne, lita 3.0, ya juyo gare ni.

"Malam, albashinka nawa?"

Na faɗa masa a kunne.

"To wannan ba mota ba ce, kishiya ce za ka yi wa iyalinka."

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan magana ba wasa ba ce. Ya ƙara da cewa giyar otomatik ta masu silinda shida na waɗannan shekarun ta yi ƙaurin suna, ga kuma boljoyin ɗin ƙafar gaba. Duk mai bin hanyoyinmu ya taɓa ganin Honda durƙushe a gefen titi, taya ta karkace waje. Ba wai motar banza ba ce, a'a, mai silinda huɗu lita 2.4 tana da ƙarko idan ana duba ƙafafunta a kan lokaci da kaya masu kyau. Sai dai ba ita ce a gabanmu ba.

Ta biyu Corolla ce ta 2005. Kowa ya san Corolla: lita 1.8, ba ta shan mai, sarƙa ce a injinta ba bel ba, kuma ko yaushe ka ga dama ka sayar a ranar. Matsalar ita ce kowa ya sani ɗin, shi ya sa mai lafiya ba ta zuwa da araha. Wannan kuwa ta zo daidai kuɗina, abin da ya kamata ya ba ni tsoro tun farko. Baba ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu yana bin jikinta. A ƙofar baya ya manne, a gaba ya zame ƙasa, don fila ce aka lafta aka bi da fenti. Ya leƙa ƙasa ya nuna mini inda aka yi walda a shasi. Araha ba ta ado, in ji shi, muka wuce.

Ta ukun ko kallon kirki ban yi mata ba. Camry ce irin ta 1997 zuwa 1999, mai siririyar fitilar baya, wadda ake kira fensir. Rana ta cinye fentin rufinta, kujerar direba ta yage. Amma a nan Baba ya daɗe. Ya buɗe murfin baƙin mai, babu wannan farin kumfa da ke nuna ruwa ya shiga inji. Ya duba lagireto. Ya sa na tayar, shi kuma ya tsuguna a bayan salansa yana kallon hayaƙi, bai ga shuɗi ba. Muka hau titi ya sa kunne yana sauraron yadda giya ke canzawa. Injinta lita 2.2 ne, bel gare shi, ana so a canza shi a wajen kilomita dubu 90 zuwa 100, amma ko ya tsinke ba ya fasa injin, tsayawa kawai za ka yi. Kayanta kuwa, abin da aka rasa a Katsina ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano.

Takardu suka ci mana yini guda. Mu da ke kusa da Jibiya da Kongolam mun san motoci nawa suka shigo ta daji, musamman bayan hana shigo da su ta iyakokin ƙasa a 2017. Sai da muka gwada lambar shasi da ta takardar kwastam harafi bayan harafi, muka kuma zauna da mai motar ido da ido, aka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu.

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗina ya ragu bayan la'ada. Ni fenti na so na yi da shi. Baba ya ce bel, tayoyi biyu, birki da juyen baƙin mai, kuma a haka kuɗin ya ƙare tas.

Da na isa gida uwargida ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Malam, wannan ce EOD ɗin?" Yanzu wata takwas ke nan, sau ɗaya ta tsaya mini, a kusa da Mashi, shi ma kan batir ne ya kwance. Rufin yana nan yadda yake. Idan baƙar EOD ta wuce ni a hanya kuwa, har yau sai na bi ta da kallo.