Bugun zuciya

Yau a darasin hutu, bayan yara sun zaga fili sau biyu, na ce kowa ya ɗora yatsu biyu a gefen wuyansa. Wata 'yar shekara takwas ta zaro ido, ƙwalla ta ciko: "Malam, zuciyata za ta fito!" Na durƙusa gabanta, muka ƙirga na daƙiƙa 15, muka ninka sau huɗu, 140. Ta sha ruwa, ta huta, bugun ya sauka, sai ga murmushi.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ya motsa jiki minti 60 kullum, ita kuwa gidan haya suke a Fagge, tsakar gida ƙarama, kwararo duk babura. Ashe ba ta taɓa yin gudun da zai sa ta ji zuciyarta ba.