Kusoshi Biyu a Gindin Bindigar Baba

Bindigar farautar Baba, Allah ya jiƙansa, ta shekara tara jingine a lungun ɗaki, gindinta a ƙasa. Mai baki ɗaya ce, ƙirar Birmingham ta Ingila. Da na ɗauko ta, sai na tarar farantin ƙarfen da ke gindin ƙotar, wanda ake tokarewa a kafaɗa, ya yi jawur, tsatsar har ta fara baƙanta katakon. Kusoshi biyu masu zare ne kawai ke riƙe da shi.

Na buɗe ta na leƙa, babu harsashi, na raba bututun da ƙotar. Daga nan na yi gaggawa: na ɗauki sukudireban da bai cika tsagar kan kusar ba, na murɗa da ƙarfi. Ya zame, ya ci bakin tsagar, ya karce katakon da hannun Baba ya goge har ya yi santsi. Wannan tabon yana damuna har yau.

Lokacin ma bai dace ba. Watan Agusta ne, katako ya sha laima ya kumbura, tsatsa kuma ta ƙara wa kusar kauri. Na haƙura sai da hunturu ya busar da shi.

A Janairu na goge bakin sukudireba da zarto har ya zauna daram cikin tsagar. Na ɗiga kananzir a kan kowace kusa, ɗigo ɗaya kawai, don mai in ya yi yawa laushi yake sa katako. Na ari ƙarfen soda wurin mai gyaran rediyo, na ɗora a kan kusar kamar minti 2, na bari ta huce. Zafi na buɗa ƙarfe, sanyi ya tsuke shi, tsatsa ta saki. Na kafa sukudireban, na ɗan ƙwanƙwasa da guduma, na murɗa kamar zan ƙara ɗaurewa, sannan na dawo baya. Sai na ji ƙas!

Kusoshi sun fita, farantin ya ƙi, tsohon fenti ya manne shi. Ban ɓamɓare shi da ƙarfi ba, don gefen ƙota saurin tsagewa gare shi. Reza na bi da ita kewaye a hankali, na buga gefensa da guntun katako, ya faɗo tafin hannuna.

Da zan mayar, sababbin kusoshin sai da na shafa musu kakin zuma. Yanzu a rataye take, ba ta taɓa ƙasa.